Ɗan damben ajin masu nauyi da ya tsallake rijiya da baya: me ke biyo baya?

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tun daren jiya nake maimaita kallon turmi na 12 na karawar farko tsakanin Tyson Fury da Deontay Wilder, wadda aka yi a Los Angeles ranar 1 ga Disamba, 2018, kuma wata tambaya ta tsaya mini a rai wadda nake so masu sani su taya ni warware ta. Kowa ya san abin da shan kaye ke yi wa ɗan dambe: kambu ya tafi, darajarsa ta ragu, dole ya zauna ya binciki kansa ko yana so ko ba ya so. Amma ina labarin wanda ya sha da ƙyar, wato wanda aka kai shi ƙasa ko aka tsere masa da maki har kowa ya ɗauka ta ƙare, sannan ya miƙe aka ɗaga hannunsa, ko aka tashi kunnen doki?

Ra'ayina shi ne irin wannan daren yana nuna wa mutum duk aibin da shan kaye zai nuna masa, sai dai ba ya ƙwace masa komai, don haka babu abin da ke tilasta masa ya saurara. A wancan dare mutum biyu ne suka tsira. Fury ya tsira daga ƙidayar alƙalin wasa Jack Reiss bayan ya kwanta rigingine kamar ba zai sake motsi ba, shi kuma Wilder ya tsira da kambunsa na hukumar dambe ta WBC duk da cewa yawancin masu kallo sun ga an fi shi dambe. Alƙali ɗaya ya ba Wilder 115 da 111, ɗaya ya ba Fury 114 da 112, na ukun ya ce 113 da 113. Dare ɗaya, sakamako ɗaya, amma hanyoyin da mutanen biyu suka bi daga nan ba su yi kama ba ko kaɗan.

Aminu:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni a ganina Fury shi ne hujja mafi ƙarfi cewa irin wannan tsira tana gina ɗan dambe. Duk wanda ya kalli ragowar turmin bayan ya tashi zai lura cewa shi ne ya riƙa matsa wa Wilder, kuma Wilder, wanda ya riga ya fara murna, bai san yadda zai yi dambe yana ja da baya ba. Wannan ɗan lokacin da bai kai minti uku ba shi ne ya zama tushen duk abin da ya faru a karawa ta biyu. Sannan a watan Satumba na 2019 Otto Wallin ya tsaga masa saman ido, raunin da ya ci ɗinki 47, kuma da likita ya ga dama ya tsayar da damben da Fury ya yi rashin nasara a hannun mutumin da ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. Tsira biyu ke nan cikin wata goma. Bai yi gardama da abin da ya gani ba. Ya rabu da Ben Davison, kocin da ya dawo da shi fili bayan dogon lokacin da ya yi ba ya dambe, ya koma wajen SugarHill Steward na gidan horo na Kronk, ya ƙara nauyi daga kimanin kilo 116 zuwa kusan kilo 124, ya daina dogaro da kauce-kauce ya koma takawa gaba. Ranar 22 ga Fabrairu, 2020 a Las Vegas, sai da aka jefa tawul, alamar miƙa wuya, daga kusurwar Wilder a turmi na 7.

Zainab:
Yaya Aminu, ban musa maka ba a kan Fury, amma ina tsoron mu ɗauki wanda ya yi nasara mu gina ƙa'ida a kansa, mu manta da wanda ke tsaye kusa da shi. Wilder ma ai ba sau ɗaya ya tsallake rijiya da baya ba. A watan Maris na 2018 Luis Ortiz ya gigita shi a turmi na 7 har ƙararrawa ce ta cece shi, amma ya dawo ya gama da Ortiz a na 10. A karawarsu ta biyu cikin Nuwamba na 2019 yana baya a takardun alƙalai duka ukun, sai naushin dama guda ɗaya ya rufe zancen a turmi na 7. Ka haɗa da kunnen dokin da ya yi da Fury, za ka ga sau uku ke nan hannunsa na dama yana biya masa bashin da ƙafafunsa da tsaronsa suka ci. Me irin wannan zai koya wa mutum in ban da cewa ya ci gaba da jira, naushin zai zo? Kowace tsira ta ƙara kafa shi a kan kuskurensa. Shi ya sa da aka doke shi a 2020 bai iya karɓar abin ba, ya ɗora laifi kan nauyin kayan da ya saka lokacin shiga fili, kuma ya rabu da Mark Breland, mutumin da ya jefa tawul don ya kare masa lafiya. Ya ɗauko Malik Scott a matsayin koci daga baya, kuma ya yi bajinta a karawa ta uku inda ya kai Fury ƙasa sau biyu a turmi na 4, amma gyaran ya zo a makare.

Baba Ɗanladi:
'Ya'yana, kun yi magana mai ma'ana, sai dai akwai abin da ban ji kun ambata ba, wato shekarun da mutum yake da su lokacin da abin ya same shi. Ranar 18 ga Yuni, 1963, a filin Wembley da ke Landan, Henry Cooper ya kai Cassius Clay, wanda daga baya ya koma Muhammad Ali, ƙasa da naushin hagu dab da ƙarshen turmi na 4. Ƙararrawa ta kaɗa, Angelo Dundee, kocin Clay, ya ja hankalin alƙalin wasa ga safar hannun Clay da ta tsage, kuma ko da yake mutane sun zuzuta labarin har ana cewa an ba shi hutu mai tsawo, 'yan daƙiƙu ne kawai suka ƙaru. A turmi na 5 aka tsayar da damben saboda jinin da ke zuba daga idon Cooper. Wata uku kafin nan ma Doug Jones ya ba Clay wahala a New York, ya sha da maki kaɗan. Yaro ne ɗan shekara 21 a lokacin, jikinsa sabo, kuma waɗannan darare biyu sun yi masa amfani ta wata hanya da ba a cika faɗa ba, domin sun sa Sonny Liston, zakaran duniya na lokacin, da mutanensa sun raina shi. A Fabrairun 1964 ya karɓe kambun.

To ku dubi mutumin nan dai a Manila ranar 1 ga Oktoba, 1975, yana da shekara 33. Shi da Joe Frazier sun kai juna bakin kabari, kuma Eddie Futch, kocin Frazier, shi ne ya hana Frazier fitowa turmi na 15, ba wai Ali yana da sauran ƙarfi ba ne. Wannan ma tsira ce, amma me ta gina? Ya ci gaba, ya sha da ƙyar a hannun Ken Norton a 1976, Earnie Shavers ya jijjiga shi a 1977, har ya kai ga daren da Larry Holmes ya yi masa abin da har yau ba na iya kallo, a 1980. Da Futch bai tsayar da Frazier ba, da Ali ne ya kasa tashi daga kujera, wataƙila da ya ajiye safar tun a lokacin. Nasarar ce ta ba shi izinin ci gaba.

Nura:
Baba ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ni ban kai ko kusa da matsayin waɗannan mutane ba, damben masu son kai na yi a ajin masu nauyi na wasu shekaru, amma abin ya taɓa faruwa da ni kuma ina so in faɗi yadda yake daga ciki. A turmi na biyu na wata gasa, wani dogon yaro ya same ni da dama a gefen haɓa. Ban faɗi ba, amma na ji kamar an zare mini ƙasusuwan gwiwa, hasken fitilun ya rabu biyu, muryar kocina ta koma kamar daga ƙarƙashin ruwa take fitowa. Alƙalin wasa ya ƙirga mini takwas a tsaye, na gyaɗa kai alhali ban san tambayar da ya yi ba. Na rungumi yaron har ƙararrawa ta kaɗa, na yi ƙoƙari a turmin ƙarshe, aka ba ni nasara da ra'ayin alƙalai uku cikin biyar.

A daren kowa taya ni murna yake yi, ana cewa ina da zuciya. Bayan kwana goma na koma atisaye, sai na tarar da wani abu da ba ni da shi a da: duk lokacin da zan saki hannun dama, sai kaina ya riga ya fara ja baya kafin naushin ya isa. Ba tunani nake yi ba, jikin ne ke yanke hukunci ba tare da ya shawarce ni ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Naushina ya rasa nauyi saboda ƙafata ta baya ba ta yarda ta tura ni gaba, kuma na shafe kusan wata shida a haka ba wanda ya gane, domin takarda ta nuna na ci. Saboda haka idan ana maganar yadda tsira ke sauya ɗan dambe, a tuna cewa wani sashe na sauyin ba zaɓinsa ba ne.

Aminu:
Malam Nura, na gode da wannan bayani, domin ya sa na sake tunani a kan Anthony Joshua. Kafin 29 ga Afrilu, 2017, ya yi dambe 18 kuma duka ya gama su kafin lokaci. A Wembley, gaban mutum 90,000, ya kai Wladimir Klitschko ƙasa a turmi na 5, numfashinsa ya ƙare, aka kai shi ƙasa a na 6, ya yi ta lallaɓawa har ya farfaɗo ya gama damben a na 11. Shi ne dare mafi girma a rayuwarsa, amma mutane da yawa suna cewa Joshua mai shiga ba tsoro a can aka bar shi. Shekara guda bayan haka ya kara da Joseph Parker a Cardiff, ya tsaya daga nesa yana aika miƙaƙƙen naushin hagu har turmi 12 suka cika, karo na farko da ya kai ƙarshe. Shin wannan hankali ne ya zo masa, ko kuwa irin abin da ka bayyana ne?

Nura:
Ba zan iya rantsuwa a kan zuciyar wani ba, ɗan'uwa, amma ba na jin labarin ya miƙe haka. Ka tuna cewa ya gama da Alexander Povetkin a turmi na 7 cikin Satumba na 2018, kuma Povetkin ba abokin wasa ba ne. Sannan a New York ranar 1 ga Yuni, 2019, abin da ya jefa shi cikin matsala gaggawa ce, ba tsoro ba: ya kai Andy Ruiz ƙasa a turmi na 3, ya ruga don ya ƙarasa shi, sai ya ci karo da naushin hagu a gefen kai, aka kai shi ƙasa sau biyu a turmin nan. Abin da nake gani shi ne daren Klitschko ya bar masa darussa biyu masu karo da juna. Na farko, idan ka zuba duk ƙarfinka a turmi ɗaya kana iya ƙarewa. Na biyu, idan aka shiga musayar wuta kai ne za ka fita. Tun daga lokacin yake kai-komo tsakanin biyun, kuma yawan sauya masu horarwa da ya yi bayan Oleksandr Usyk ya doke shi a 2021 yana nuna mutumin da ke neman wanda zai gaya masa wanne daga ciki ne gaskiya.

Malam Habu:
Tun da an ambaci Klitschko, ni a wurina shi ne misalin da ya fi kowane tsabta. Corrie Sanders ya doke shi a 2003, Lamon Brewster ya doke shi a 2004, har ana cewa haɓarsa ba ta ɗaukar naushi kuma ya kamata ya haƙura. A Satumba na 2005 a Atlantic City ya haɗu da Samuel Peter ɗan Najeriya, wanda a lokacin ba a taɓa doke shi ba. Peter ya kai shi ƙasa sau uku, biyu a turmi na 5 da ɗaya a na 10, amma kowane lokaci ya tashi, kuma alƙalai duka ukun suka ba shi 114 da 111. Abin lura shi ne shan kayen da ya yi a baya sun nuna masa cewa yana da rauni, amma ba su nuna masa abin da zai yi idan raunin ya bayyana ba. Daren Peter ne ya tabbatar masa cewa tsarin da Emanuel Steward ke koya masa yana aiki ko da ƙafafu suna rawa: riƙe tazara da hagu, runguma idan an matso, jingina nauyi a kan abokin karawa har ya gaji. A Afrilun 2006 ya karɓi kambun hukumar dambe ta IBF daga Chris Byrd a Jamus, kuma bai sake shan kaye ba sai a Nuwamba na 2015. Mutane sun yi ta ƙorafin cewa dambensa ba shi da armashi, amma mutumin da ya ga ƙasa sau uku a dare ɗaya yana da dalilinsa.

Hajiya Rabi:
Ku yi mini haƙuri in shigo da wani ɓangare, domin aikina na jinya ne kuma ba na iya kallon waɗannan darare kamar yadda kuke kallonsu. Ajin masu nauyi shi kaɗai ne ba shi da iyaka ta sama: da zarar mutum ya haura kimanin kilo 91, yana iya haɗuwa da mai kilo 120 ko fiye. Idan naushin irin wannan mutum ya sauka a haɓa, kai yana juyawa da sauri, ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙon kai, kuma abin da muke kira jarumta lokacin da mutum ya miƙe kafin goma, a asibiti sunansa ci gaba da karɓar duka bayan ƙwaƙwalwa ta riga ta bugu. Wanda aka gama da shi a turmi na 2 ya karɓi naushi kaɗan, an tsayar, hukuma ta hana shi dambe na wani lokaci. Wanda ya tashi ya kai turmi na 12 ya ƙara karɓar wasu masu yawa a lokacin da ya fi kowane lokaci rauni, sannan ya sauka ana yi masa tafi. Likitoci suna duba duka biyun, amma hankalin jama'a da na mutanen da ke kewaye da shi yana kan wanda ya faɗi. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta san wanda aka ɗaga wa hannu ba. Abin da Malam Nura ya bayyana na rabuwar haske da nisan murya alamun buguwar ƙwaƙwalwa ne, kuma komawa atisayen naushi bayan kwana goma ya yi wuri ƙwarai.

Baba Ɗanladi:
Gaskiyarki, Hajiya. Shi ya sa nake girmama Lennox Lewis fiye da yadda matasa ke yi. Ranar 21 ga Yuni, 2003, ya shiga fili da nauyin da bai taɓa kaiwa ba, yana da shekara 37, Vitali Klitschko, yayan Wladimir, ya jijjiga shi a turmi na 2, kuma lokacin da likita ya tsayar da damben bayan turmi na 6 saboda mummunan tsagewar da ke saman idon Vitali, alƙalai duka ukun suna da 58 da 56, Vitali ke gaba. An yi ta kiran a sake, kuɗi masu yawa suna jira. Lewis ya ɗauki watanni yana nazari, a Fabrairun 2004 ya ce ya ajiye, kuma bai dawo ba. Har yau akwai masu cewa gudu ya yi. Ni kuwa ina ganin ya karanta daren daidai: ya gane cewa abin da ya cece shi ba zai samu sau biyu ba. Joe Louis ma ya so ya yi haka. A Disambar 1947 Jersey Joe Walcott ya kai shi ƙasa sau biyu, aka ba Louis nasara da rabuwar ra'ayin alƙalai, shi kansa ya nemi ficewa daga fili kafin a sanar da sakamako. Ya sake karawa da Walcott a 1948 ya gama da shi a turmi na 11, ya yi ritaya a 1949. Bashin haraji ne ya dawo da shi, Ezzard Charles ya doke shi, Rocky Marciano ya fitar da shi ta tsakanin igiyoyi a 1951. Ya fahimci gargaɗin sarai, halin rayuwa ne bai bar shi ya yi aiki da shi ba.

Zainab:
Wannan batun kuɗi da Baba ya kawo shi ne nake ganin ya fi ƙarfin koci da likita idan aka haɗa su. Ga mai shirya dambe, zakaran da ya kusa faɗuwa ya fi wanda ba a taɓa girgiza shi ba riba, domin yanzu masu kallo sun yarda ana iya doke shi, kuma karawa ta biyu tana sayar da kanta. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan daren Los Angeles, Fury ya sa hannu a babbar yarjejeniya da kamfanin shirya dambe na Top Rank da tashar talabijin ta ESPN, kuma hoton tashinsa daga ƙasa ne ya gabatar da shi ga Amurkawan da ba su san shi ba. Haka nan wanda ya kusa yin nasarar shi ma rayuwarsa tana sauyawa. Vitali ya fita daga karawar Lewis a matsayin wanda aka doke, amma da ƙima fiye da wadda ya shiga da ita, kuma a Afrilun 2004 ya ɗauki kambun WBC da Lewis ya bari. Francis Ngannou ɗan Kamaru, wanda bai taɓa damben boksin na ƙwararru ba, ya kai Fury ƙasa a turmi na 3 a Riyad ranar 28 ga Oktoba, 2023, ya rasa da rabuwar ra'ayin alƙalai, kuma wannan kaɗai ya ba shi karawa da Joshua a Maris na 2024, inda aka gama da shi a turmi na 2. Sannan akwai abin da ba ya gogewa, wato faifan bidiyo. Duk kocin da zai shirya wani don ya kara da kai, daren da ka sha da ƙyar shi zai fara kunnawa, ya ga naushin da ya same ka da inda hannunka yake a lokacin.

Aminu:
Daren Ngannou ɗin nan yana rikita mini lissafi, dole in amsa. Mutum ɗaya ne da wanda na yaba a sama, kuma a zahiri ya sake yin abin da ya dace: ya shiga karawar Ngannou da kusan kilo 126, ya sauko zuwa kimanin 119 kafin ya haɗu da Usyk ranar 18 ga Mayu, 2024, kuma a tsakiyar damben ya yi kyau ƙwarai. Duk da haka Usyk ya gigita shi a turmi na 9, igiyoyi ne suka riƙe shi, ya rasa da rabuwar ra'ayi, sannan ya sake rasawa a Disamba inda alƙalai duka suka ce 116 da 112. Ke nan ko an ji gargaɗin, ba lallai ne a sami abin da za a gyara ba. A 2018 yana da shekara 30 kuma aibinsa na dabara ne. A 2023 yana da 35, ya riga ya sha faɗuwa sau huɗu a hannun Wilder kaɗai, kuma babu kocin da ke mayar wa mutum abin da waɗannan suka ɗauke.

Malam Habu:
Haka ne, Aminu, ko da yake ya kamata a ba Usyk haƙƙinsa, domin mai yiwuwa ne ko Fury na 2020 ya sha wahala a hannunsa. Abin da har yanzu bai warware mini ba shi ne yadda ɗan damben zai bambance tsakanin aibin da ke gyaruwa da wanda ba ya gyaruwa, alhali duk mutanen da ke kewaye da shi daga aljihunsa suke ci, kuma babu mai son ya zama na farkon da zai ɓata murnar nasara. Malam Nura, kai da ka shiga ciki, wa ya fara gaya maka, kuma ta yaya ka fita daga wannan ja da bayan?

Nura:
Ba kocina ba ne, Malam, shi yana alfahari da nasarar har yana ba sababbin yara labarinta. Wani tsohon abokin atisayena ne, wanda ya girme ni da kusan shekara goma kuma ya riga ya daina shiga gasa. Wata rana da yamma bayan kowa ya watse, ya sa ni na tsaya da ƙafata ta baya jingine da bango yadda ba ni da wurin ja, ya ɗaga mini fatar atisaye ya ce in saki dama sau ɗari. Tun a na goma na gane, domin duk lokacin da na saki hannu sai ƙeyata ta taɓa bangon. Bai ce mini komai ba, ya bar ni na ji da kaina. Mun shafe kusan wata biyu muna wannan kullum, daga baya ya fara mayar mini da naushi a hankali, har kaina ya koyi kaucewa gefe maimakon baya.

Na sake shiga gasa sau huɗu, na ci uku. A ta ƙarshen an sake samuna a wuri ɗaya, da naushin da bai kai rabin na farkon ba, kuma gwiwoyina suka amsa kamar wancan karon. Na ƙarasa damben, na rasa da maki, kuma a cikin mota a hanyar komawa na kasa tuna sunan yaron da na kara da shi, duk da cewa an kira shi a lasifika sau uku. Washegari na je na kwashe kayana daga ɗakin atisaye, na ba wani yaro safar hannuna.